Wa Ya Goya Wa a Bakin Daga?

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, saura kwana tara a yi taro, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Ni malamar makaranta ce. Babana tsohon soja ne, yana kofur ya ajiye kaki. Surukina, baban maigidana, shi ma tsohon soja ne, kowa Saje yake ce masa. Bataliya ɗaya suka yi yaƙi shekara arba'in da wani abu da suka wuce, abotarsu ce ma ta haɗa aurenmu. Yanzu ƙungiyar unguwarmu ta shirya taron karrama tsofaffin sojoji a zauren makarantarmu, aka ce ni zan rubuta jawabin godiya in karanta, tunda ni ce mai tsofaffi biyu a ciki.

Tun ina ƙarama Baba ke ba mu labarin ranar da ya goya Saje a bayansa har mil huɗu, harsashi na shan iska ta gefen kunnensa. Da na yi aure, ko sati ban cika ba surukina ya zaunar da ni ya ba ni labarin nan sak, sai dai shi ne mai goyon, mil ɗin kuma ya koma bakwai. Idan suna tare kuwa, ba mai ɗauko zancen, sai hirar ciwon gwiwa da ta rediyo.

Da suka ji ni ce mai jawabi, Baba ya kawo mini takarda da rubutun hannunsa, ya ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar goyo. Washegari Saje ya zo falona ya ce zai nuna mini yadda aka yi. Ya saɓa matashin kujera a baya, ya yi taku uku, bayansa ya riƙe, sai da muka kwantar da shi a kan kafet aka shafa masa man zafi. Yana kwance yana tuna mini kada in manta mil bakwai ne. Na juya wajen maigidana, ya ce shi ba ruwansa, ya fita wanke motar da ya wanke da safe.

Sai na ce bari in nemi shaida. Ban da su biyun, mutum ɗaya ya rage cikin waɗanda suke wurin ranar, tsohon kukun bataliyar, yana wuni a bakin shagon facin taya na ɗansa. Gwaggo, da na tambaye shi, dariya ya yi har sai da aka kawo masa ruwa. Ya ce ranar wuta ake zubawa da gaske. Saje ya faɗa kwalbati ya gurɗe ƙafa. Baba ya dawo ya ɗauke shi, taku biyar suka zube tare, gwiwar Baba ta goce. Saje ya ce to shi zai goya Baba, ya yi tsalle biyu da ƙafa ɗaya, suka sake zubewa. Shi Kuku yana dawowa da baron albasa ya tsince su, ya loda su a kai ya turo har sansani, suna ta faɗa a kan wa ya sa wa wani takalmi a baki.

Kuma sunan Kuku ba ya cikin waɗanda za a karrama, wai bai riƙe bindiga ba.

In na bi takardar Baba, na ɓata da gidan mijina. In na bi ta Saje, da wane ido zan kalli ubana? In na faɗi zancen baro, na kunyata tsofaffi biyu a gaban jikokinsu. Har na fara tunanin in ce muryata ta dishe. Ya zan yi?

'Yar Kofur, Surukar Saje

*

'Yata, muryarki lafiyarta ƙalau, kuma za ki hau mumbarin nan.

Na yi dariya, ba zan ɓoye miki ba, amma sake karanta abin da Kuku ya faɗa. Ana ruwan wuta babanki ya juyo ya koma wajen abokinsa. Abokin, da gurɗaɗɗiyar ƙafa, ya ce sai ya ɗauki babanki. Ba wanda ya yi ƙarya a kan goyo, kowa ya goya. Tsawon hanyar ne kawai ya yi ta girma tare da su. Jawabin godiya kuma ba zaman kotu ba ne. Ki ce ranar babu wanda ya yarda ya bar ɗan'uwansa a baya. Wannan gaskiya ce, kuma kowannensu zai gyaɗa kai ya ɗauka da shi kike.

Inda za ki tsaya da ƙafarki shi ne maganar Kuku. Gobe ki je wajen shugaban ƙungiya a sa sunansa. Mutumin da ya ciyar da bataliya, ya turo ƙarti biyu a cikin wuta, bai kamata ya ji labarin taron daga bakin shago ba. Kafin ranar, ki haɗa su ukun a falonki da shayi, ki ce Kuku zai zo taro, ki bar ɗakin. Ina kyautata zaton tsofaffin naki sun fi ki sanin abin da ke kansu game da shi, kunya ce ta riƙe bakinsu shekarun nan. Ko a ambaci baro ko kada a ambata, ki bar musu su yanke. Labarinsu ne.

Maigidanki kuma shi zai je ya ɗauko Kuku a mota, ya buɗe masa ƙofar gaba.

Abu na ƙarshe, ki sa su gwada kakinsu tun yau. Kaki ba ya girma, masu shi ne ke girma, kada maɓalli ya tashi ya sami babban baƙo a ido ana cikin sarawa.

Ki gaishe mini da su duka uku, ki ce mun gode. Allah ya ƙara musu lafiya, ya sa a yi taro lafiya a tashi lafiya.

Gwaggonku