Reshen Mangwaron Gidanmu

Anti Shamsun, ki taimake ni, abin ya tsaya mini a wuya.

Muna da ƙungiya a nan garinmu Rajshahi, muna karanta haiku, waƙoƙin nan masu layi uku, da Turanci. Ƙa'idarmu, ana karanta waƙa ba suna, kowa ya faɗi yadda ya fahimce ta, mai ita kuwa ya ja bakinsa sai an gama ya tashi ya yi godiya. Shugabanmu yayana ne, Tofazzal. Tun rasuwar Baba ya gina katanga a tsakar gidanmu, ko gaisuwa ba ma yi, kuma ban musa ba, ni ma na faɗi maganganu lokacin rabon gado.

Da aka ba mu jigon haɗin kai, sai na rubuta abin da ke nufin: katanga a tsakar gida, mangwaro na faɗuwa, nan da can. Bishiyar tana ɓangarensa, reshe ɗaya ya leƙo nawa.

Yaya ya karanta a nutse, ya kurɓi shayi, ya ce shi bai ga haɗin kai ba, kwaɗayi ya gani, mai waƙar maroƙi ne da ke zaune ƙarƙashin bishiyar wani. Aka yi ta dariya, ni kuwa ba damar magana. Da aka nemi mai waƙa na kasa tashi. Washegari ya sa aka sare reshen. Anti, na yi kuka. In tashi a zama na gaba in ce tawa ce?

Taki, Ƙanwa a bayan katanga

Ƙanwata, kada ki yaudari kanki, ya san taki ce. Wa zai kasa gane bishiyar gidan ubansa? Ya san ƙa'ida ta ɗaure miki baki, shi ya sa ya zaɓi ya ci miki fuska a wurin taron. Wannan mugunta ce.

Amma ke ma kin yi wayo. Kin ɓoye neman sulhu cikin layi uku na harshen baƙi, ba suna, don in ya ƙi ki ce ba ke ba ce. Wataƙila gani ya yi kin kai ƙararsa gaban mutane.

Kada ki tashi a taro, wata dariyar za ki saya. Ki ƙwanƙwasa ƙofarsa, ki yi masa magana da harshen da uwarku ta yi muku faɗa da shi. Ban yi miki alkawarin zai buɗe ba, don wanda ya ɗauko gatari ya riga ya ba da amsa. In ya ƙi, ki dasa naki mangwaron nesa da katangar.

Allah ya sanyaya miki zuciya.

Anti Shamsun