Layin da na ja a wuyan Modu

Assalamu alaikum Admin da 'yan uwa na wannan zaure. A ɓoye sunana, sunayen da ke ciki ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, amma tun yanzu ina roƙo, wanda zai fara da "ke ma me ya kai ki" ya riƙe abinsa, na ji wannan a gida har kunnena ya gaji.

Ni budurwa ce, a Gamboru muke nan Maiduguri. Shekara biyu ke nan da gama sakandare ina zaune, makarantar gaba ba ta samu ba, fita kuma kun san yadda garin yake, kafin ki je Kasuwar Litinin ki dawo an sauke ki daga keke ya fi sau uku ana duba jaka. Zaman ya ishe ni, abu kaɗan sai in yi faɗa da mutane. A waya na ga wasu mata suna wani abu, mutum zai ware littafi guda, kullum ya cika shafi ɗaya da zane, ko ya liƙa wani abu, ya rubuta layi biyu a kan yadda ranar ta kasance masa. Ba na makaranta ba, ba na sayarwa ba, naka ne kai kaɗai. Na ce wannan ai zan iya, dama ina da hannun lalle. Na sayo littafi mai kaurin bango da fensir masu kala na fara. Shafin farko kaskon turaren wutan Mamanmu na zana, na biyu na liƙa ƙyallayen atamfa da na tsinto a shagon tela, na uku keke ne da ya fito kamar kwaɗo. Wallahi ko ba kyau ina jin daɗi, shi ne abu ɗaya a gidan nan da ba wanda ya aike ni in yi.

Matsalar farko Yaya Bukar ne, yayana. Ya ga na zana kazarmu, ya tsaya a kaina ya yi min wa'azi kamar na buɗe gidan gumaka, wai zanen abu mai rai haramun ne, ranar lahira za a ce in busa mata rai. Na ce masa kazar da kai za ka fi kowa cin cinyarta. Amma maganar ta tsaya min, sai na tambayi malamarmu ta Islamiyya. Ta ce abin da ta taso ta ga ana yi shi ne, in an zana mai rai sai a ja layi a wuyansa, a raba kan da jikin, ya zama abin da ba zai rayu ba. Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Daga ranar duk abin da na zana mai numfashi sai na ja masa layi a wuya da biro, kaza, akuya, ragon maƙwabta, har ya zama min jiki, ina gamawa hannuna ke ja da kansa, ko tunani ba na yi.

To a gidanmu akwai Ya Falmata, ƙanwar Babanmu. Tun da aka tashe su daga garinsu na bakin tafki take zaune da mu. Ranar gudun ne suka rabu da ɗanta Modu, shi kaɗai ne namiji a 'ya'yanta, saurayi ne lokacin, ya ce ta yi gaba zai koma ya kwance dabbobi. Har yau ba shi ba labarinsa. Ba a ga gawa ba, ba wanda ya ce ya gan shi da rai. A gidanmu ba a cewa Allah ya jiƙan Modu, sai dai Allah ya dawo da shi, wata baƙuwa ta taɓa kuskuren faɗa, Ya Falmata ta kwana biyu ba ta fito tsakar gida ba. Ko hotonsa babu, wayar da yake ciki can aka baro ta.

Wata rana da la'asar tana haɗa turaren wuta da Mamanmu, ina gefe da littafina, na ji tana cewa abin da ya fi damunta yanzu fuskarsa ta fara ɓace mata, ta kasa tuna ko tabon girarsa a dama yake ko a hagu. Ni kuwa na tuna, a hagu yake, don duk hutu a gidanmu yake yi, shi ke tsokanata yana ce min mai bakin tsiwa. Sai na ce bari in yi mata abin kirki sau ɗaya a rayuwata. Kwana huɗu na yi ina zanawa ina gogewa. A na huɗun ya fito. Wushiryarsa, tabon, yadda yake karkata hula gefe ɗaya, Modu ne sak. Na ɗauki biro na ja layina kamar kullum, na tashi da murna, ni da hannuna na kai mata.

Jama'a, Ya Falmata ta yi dariya. Rabon da in ga haƙoranta na manta. Ta ce "Wayyo Modu na, a hagu ne ashe," tana shafa fuskar da yatsa, daga goshi zuwa haɓa, har yatsan ya sauko wuya ya tsaya a kan layin. Ta ɗago ta kalle ni ta ce, "Wa ya faɗa miki?" Na ce me? Ta ce, "Wa ya faɗa miki yanka shi aka yi?"

Sai a lokacin na ga abin da na yi. A garin nan, bayan duk abin da idonmu ya gani da wanda kunnenmu ya ji, na zana ɗan mutum na ja masa layi a maƙogwaro na miƙa wa uwarsa. Na rikice na ce Ya Falmata wallahi ba haka ba ne, hukuncin zane ne, duba ki gani duk haka nake yi, na shiga buɗe mata shafuka. Ga kaza da layi, ga akuya da layi, ga rago. Ta ce, "To ai duk abin yanka ne kika nuna min." Gaskiya ne kuwa, ko kyanwa ban taɓa zanawa ba.

Yau kwana goma sha ɗaya. Ta yarda ɗari bisa ɗari cewa labari ya zo gidan nan an ɓoye mata, ni ce yarinya na kasa riƙewa ya fito ta hannuna. Babanmu ya rantse mata, Mamanmu ta yi kuka ta rantse, an kira malamar tawa har gida ta yi mata bayani, ta saurara tsaf ta ce ta gode, bayan malamar ta tafi ta ce haɗa baki muka yi. Abinci sai an yi da gaske take cin loma biyu, ga ta da hawan jini. Littafin kuma ta riƙe shi gaba ɗaya, tana zama da shi a cinya ta ɗora babban yatsa a kan layin ta rufe, tana kallon fuskar. Har da shafukan da na rubuta haushin mutanen gidan a ciki, ban ma san ko an karanta mata ba. Babanmu ya ce in ya sake ganin fensir mai kala a gidansa sai ransa ya ɓaci da ni, kuma da littafin ya fito daga hannunta a ƙona shi. Yaya Bukar yana yawo yana cewa ga sakamakon zane nan, ya manta saboda bakinsa na fara jan layin. Da na tuna masa, sai Mamanmu ta ce in rufe baki, wai ba na ganin girman kowa. Ni kuma abin da ke ƙona min rai, kowa ya samu abin faɗa a kaina, ba wanda ya ce ga yadda za a yi matar nan ta ci abinci.

Jiya ta kira ni ɗakinta, karo na farko tun ranar. Ba faɗa, ba kuka. Ta ce, "'Yata, in da gaske ba ki san komai ba, ki sake zana min shi da wuyansa lafiya. In kika ƙi, na san amsata." Na ce Baba ya hana. Ta ce, "Ba Babanki na tambaya ba."

To ga inda nake. In na zana ba layi, na saɓa wa Babanmu a cikin gidansa, kuma ban san matsayina wajen Allah ba, malaman da ke zauren nan don Allah ku yi min bayani a fili, ban da dogon Larabci. In na ƙi, matar nan za ta ɗauka na tabbatar mata an yanka ɗanta, kuma yadda take ramewa ina tsoron abin da zai biyo baya. Na yi tunanin shafe layin da farin fenti ko in zana masa rawani ya rufe wurin, amma ta riga ta san yana ƙasa. Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba. Ni ma ban san ko Modu yana raye ba. In na ba ta shi da wuya lafiya za ta karɓa kamar shaida ce na kawo mata, alhali hannuna bai san komai ba a na farkon, ba zai san komai ba a na biyun.

Ta ce za ta jira ni zuwa Juma'a. Yau Laraba. In je in sami Babanmu kai tsaye in ce masa ƙanwarsa ce ta roƙa, ko ya zage ni? In zana a ɓoye in kai mata, abin da zai faru ya faru? Ko akwai wata magana da za a faɗa wa uwa irin wannan ta yarda ba tare da zane ba? Duk wanda ya taɓa zama da mai jiran ɗanta, shi na fi so ya amsa min.