Ni Ce Na Kashe Jirgin Surukina

Anti, don Allah ki taimake ni, kwana tara ke nan abinci ba ya min daɗi. Surukina tsohon direban jirgin ƙasa ne, wurinmu yake zaune tun da ya yi ritaya. Yana da ɗan jirgin wasa mai aiki da lantarki, ya shimfiɗa layinsa a kan tebur a ɗakinsa, har da gada da tasha. Kullum bayan la'asar sai ya kunna, ya zauna yana kallonsa yana murmushi.

Ranar da maigidana ya kai shi asibiti awon ido, na shiga yin shara, na ga layin ya yi baƙi. Ni da neman a yaba min, na ɗauko soson ƙarfe na wankin tukwane na dirje shi tas. Tun ranar kan jirgin bai sake tafiya daidai ba. Ya ɗan gusa, fitilarsa ta yi ƙifta-ƙifta, sai ya tsaya yana gurnani, taransifomar da ke ba layin wuta ta ɗau zafi. Baba ya canja wayoyi, ya kwance ya ɗaura, shiru. Abin da ya fi damuna, kansa yake zargi. Jiya na ji yana gaya wa ɗansa wai ƙwaƙwalwarsa ce ta fara tafiya, mutumin da ya ja tarago talatin ya kasa gano ciwon ɗan wannan abu. Ya lulluɓe teburin da zani. Ni kuwa sai dai in kai masa shayi in fito. Bai taɓa ɗaga min murya ba, 'yata yake ce min, shi ya sa na kasa buɗe baki. Na kashe jirgin ke nan?

Suruka mai fargaba

Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Na tuntuɓi wani mai gyaran rediyo, ya ce da wuya a ce jirgin ya mutu. Injin irin wannan jirgi yana da maganaɗisu, shi ya zuƙe burbushin soson, burbushin ya haɗe hanyoyin wuta biyu da bai kamata su taɓa juna ba. Kada a sake kunna shi a haka, zafin nan zai iya ƙona taransifomar.

A sauke kan jirgin daga layi, a ba da wuta kaɗan. Idan taransifomar ba ta yi zafi ba, ciwon yana cikin jirgin. Sai a zare soket, a bi layin da maganaɗisu, a goge shi da ƙyalle da ɗan sifirit. A buɗe jirgin, a tsince burbushin da hantsaki, musamman wajen ƙafafun da siraran tagullar da ke gogar su.

Amma ba ke za ki yi wannan aikin ba, kuma ba a ɓoye ba. Niyyarki mai kyau ce, shirunki ne ya fi soson ɓarna, domin dattijo na can yana tuhumar hankalinsa a kan laifin da ba nasa ba. Yau ɗin nan ki durƙusa ki gaya masa. Zai iya yin faɗa, ki jure, hakkinsa ne. Wanda ya yi rayuwarsa da inji, da ya ji soson ƙarfe zai gane sauran da kansa. Ke dai ki riƙe masa tocila, ki bar shi ya gyara abinsa da hannunsa.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya bar ku tare.