Burodin da Na Gatsa

Kawu Rafkat,

Gaisuwa daga bakin daga. Ina fata ciwon ƙafar ya yi sauƙi, tunda an ce har gidajen mutane kake zagawa da ita. Yaya Inna? Ka ce mata lafiyata ƙalau. Kunne ɗaya ne kawai ya daina ji, ɗayan kuwa ya ishe ni jin ƙarya. Ta aiko mini da safar ulu ta hannun wani direba daga birnin Kazan.

Wa'adin aikina ya cika tun kaka. Na je wurin kwamanda, ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Wa'adinka ranar da yaƙi ya ƙare. Koma rami." Kai kuwa, ranar da ka lallashe ni na shiga soja, a gidanmu ka dafa kafaɗata ka ce, "Shekara ɗaya ce, ɗana. Kafin a haƙe dankali ka dawo." An haƙe dankali, Kawu.

Ranar tafiyata Inna ta ba ni burodi na gatsa, ta naɗe sauran ta ajiye a kan kabad, wai rabona zai jawo ni gida. Kai za ka tsaya gabanta ka faɗa mata dalilin da ban dawo ba, ba ni ba.

Na kuma ji yanzu ƙanena Ilshat kake yi wa daɗin baki. Ka rabu da shi, kabad ɗin Inna ba zai ɗauki burodi biyu ba. Idan ka kai shi ya sa hannu, ka yi addu'a kada yaƙin nan ya ƙare in dawo.

Allah ya ƙara sauƙi.

Fanis