Madubi Mai Lamba Bakwai

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga 'yarka. Yaya jikin, yaya idon? Ina fatan kana ɗiga maganin safe da yamma, ba sai Mama ta bi ka da shi har bakin ƙofa ba. Ka gaishe min da ita, ka ce mata bargon da ta ba ni ya yi amfani.

Ka ce ranar da na fara leƙa madubin ƙara girma, wanda a nan ake ce wa maikiroskof, in zana maka abin da na gani ba ragi ba ƙari. Shekara talatin da ɗaya kana koyar da ilimin halittu da alli da allo, kullum ana cewa madubin makarantarku yana hanya, har ka yi ritaya bai iso ba. To ni ranar Talata na leƙa.

Ɗakin gwajin dogo ne, da tebura shida da famfuna da ba sa kawo ruwa, ga warin maganin da ake jiƙa matattun kwaɗi. Mu kusan ɗari biyu ne 'yan shekarar farko, madubai goma sha biyu, kowanne an rubuta masa lamba da farin fenti. Wani dattijo ne yake kula da su, muna ce masa Mai Makulli. Malamin darasin kuwa Jan Biro ake kiransa, kuma wallahi sunan ya bi jiki.

Fatar albasa aka ba mu. Na yi layi na minti arba'in, na samu minti biyu. Baba, abin ba kamar zanenka ba ne. Na ga wasu layuka a karkace kamar ginin bulo da ya fara zamewa, da wani baƙin zobe ƙato a tsakiya, da wasu zare-zare kamar gashi. Cibiyar ƙwayar halitta da kake zanawa a zagaye tas, ko alamarta ban gani ba. Na tuna maganarka ta kullum, cewa mutum ya zana abin da ya gani, ba abin da ya sani ba, sai na zana hakan.

Uku na samu cikin goma. Jan Biro ya zagaye zoben da jan biro, ya rubuta yana tambayar ina cibiya. Wadda muke zama teburi ɗaya, muna ce mata Doguwa, ko leƙawa ba ta yi ba. Littafi ta buɗe a cinya ta kwafe zanen ciki, ta samu tara. Har dariya ta yi min, wai na zo jami'a da gaskiyar firamare. Da na tambayi Mai Makulli, sai ya ce zoben kumfar iska ce, zaren kuma funfuna ce da ta ci gilashin madubin tun kafin a haife ni, kuma zanena daidai yake da abin da ke ciki. Sai dai shi ba ya ba da maki.

Ga zanen nan na saka maka. Ka duba da gilashin karatunka a wurin haske.

Taka har kullum,
'Yar Alli

*

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ku lafiya kai da Mama. Wasiƙarka ta iso. Na ga rubutun ya ƙara girma, layukan suna gangarowa ƙasa, kuma ban ji daɗin hakan ba. Don Allah ka koma wurin likitan idon.

Ka ce gaskiya dokin ƙarfe ce, in riƙe ta, maki zai biyo baya. Baba, mako tara ke nan ina riƙe da ita, makin bai biyo ba. Uku, huɗu, uku, biyar, haka nake ta tafiya. Kuma dokar a fili take: duk wanda bai kai arba'in cikin ɗari ba a darasin gwaji, ba zai shiga shekara ta biyu ba, sai ya tattara kayansa. A sauran darussa ba ni da matsala. Wannan ɗaya ne ya tsaya min a wuya, saboda kawai ina leƙawa kafin in zana.

Zan faɗa maka abin da ke raina, ka yi haƙuri. Wani lokaci haushinka nake ji. Ka ba ni doka mai nauyi, alhali kai ba ka taɓa yin layi a gaban madubi mai funfuna ba. Zanenka da na taso ina kallo, da cibiyar da kake ɗan turawa gefen hagu saboda kai bahago ne, ai daga littafi ka ɗauko shi. Ban ce laifinka ba ne, ba a ba ka wani abu ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai labari ɗaya da zai yi maka daɗi. Ranar da aka ɗebo mana ruwan kududdufi, teburinmu ya dace da madubi mai lamba biyu, wanda shi kaɗai ne lafiyayye. Na leƙa na ga wata 'yar halitta kamar tafin takalmi tana iyo, ta bugi wani ɓurɓushi, ta ja baya, ta sake hanya. Rai ne fa a cikin ɗigon ruwa ɗaya. Na jawo hannun Doguwa na ce sai ta gani. Ta leƙa tana yatsina, sai ga shi ta ƙi tashi har na baya suka fara yi mata tsaki.

Tun ranar ta rufe littafin cinya. Ta tambaye ni wa ya koya min, na ba ta labarinka, na karanta mata wasiƙarka. Ta rubuta maganarka ta zana abin da aka gani a bangon littafinta da manyan baƙaƙe. Ita marainiya ce, yayarta mai ɗinki ce take riƙe da ita, kuma ta ce da ta samu uba irinka da ba ta ɓata makonni tana kwafa ba. Yanzu makinta ya gangaro ya tarar da nawa. Muna zama tare muna cin uku da huɗu, tana ce maka Babanmu.

Jarrabawa saura mako uku. Ita ce ke da maki sittin. Ka sa mu a addu'a mu biyun.

'Yarka,
'Yar Alli

*

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya ƙarfin jiki? Mama ta rubuto cewa yanzu ita take karanta maka wasiƙa, kuma ka manna zanukana a bango kana nuna wa tsofaffin ɗalibanka idan sun zo gaisuwa. Mama, idan ke ce kike karantawa, don Allah kada ki tsallake komai.

Sakamako ya fito. Na ci, zan shiga shekara ta biyu. Kada ka yi saurin yin hamdala, ka bari in gama.

Yadda ake jarrabawar, an jera madubai, kowanne da abin da aka ɗora a kan gilashinsa da sunansa a takarda. Mutum yana da minti biyar a kowanne, a buga ƙararrawa ya matsa gaba. Rukuninmu mu goma sha ɗaya ne, Doguwa tana bayana. Tambayar da ta fi maki tana kan madubi mai lamba bakwai, an rubuta ƙwayar halittar ganye.

Na leƙa ban ga komai ba. Na juya abin daidaitawa sama, na juya ƙasa, na goge idona. Farin haske kawai, da inuwar gashin idona. Na ɗaga hannu, mai tsaron jarrabawa ya nuna min agogo ya kau da kai. Saura minti uku. Na tuna makina, na tuna ranar da ka raka ni tasha ka ƙi yarda in ɗauki jakata da kaina. Sai hannuna ya kama aiki. Na zana bangon ƙwaya mai kusurwa shida, na sa ɗigo-ɗigon kore a gefe, na tura cibiya gefen hagu. Zanenka na allo ne, Baba, layi da layi. Ko sake leƙawa ban yi ba.

Jan Biro ya ba ni sha tara cikin ashirin. Ya manna takardata a allon sanarwa, ya ce wa aji wannan yarinya ta daɗe tana shirme amma a ƙarshe ta koyi gani.

Doguwa kuwa ta rubuta a tata takardar cewa ta duba iyakar ƙoƙarinta ba ta ga komai ba, don haka ba za ta zana ba. Sifili ya ba ta. Jimillarta talatin da huɗu. Sunanta yana cikin waɗanda aka sallama.

Bayan kwana biyu na tarar da Mai Makulli yana wanke gilasai. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa, yana kallon hannunsa. Ya ce yankan ganyen da ke lamba bakwai ya zame ya faɗi tun kafin rukuninmu ya shigo, ya tsince shi a bushe a ƙasan teburi da yamma. Gilashi ne tsura muka leƙa. Mu goma muka zana ganye mai kyau daga gilashin da ba komai a kansa. Ya ce shi ba zai kai magana ba, saura masa shekara ɗaya ya yi ritaya, kuma shi za a fara tambaya me ya sa bai duba ba.

Ga abin da ya fi min ciwo. Ranar da aka manna takardata, Doguwa ta daɗe tsaye a gabanta. Ba ta yi fushi ba. Ta tambaye ni a hankali ko da gaske na gani. Na ce mata na gani. Ta yarda, Baba, don ba ta taɓa jin na yi ƙarya ba. Yanzu tana cewa ƙila idonta ne yake da matsala, ƙila karatun nan ba nata ba ne tun farko.

Sau biyu ina zuwa ƙofar ofishin Jan Biro. Idan na faɗa, za a soke makina da na mutum tara, in koma ƙasa da arba'in, kuma babu tabbacin za a mayar da ita. Idan na yi shiru, ka samu 'ya a shekara ta biyu. Sau biyun duka na tsaya na karanta sunan da ke jikin ƙofar, na juyo. Ba na neman ka sake rubuto min karin magana. Na san abin da za ka ce, kuma na riga na ga wadda ta bi shi.

An dawo mana da takardu, ga mai sha taran nan na saka. Kada ka manna ta tare da sauran. Waɗancan masu uku da huɗu su ne abin da ka roƙe ni. Wannan taka ce, na dawo maka da ita.

Jiya na taya Doguwa ɗaure kaya. Ta bar min fensirinta da abin gogewa, ta ce ba ta da aikin da za ta yi da su a shagon ɗinki. Littafin da ta rubuta maganarka a bangonsa kuwa ta tafi da shi. Da za ta shiga mota ta ce in gaida Babanmu, in gaya maka ta bi maganarka har ƙarshe.

Na isar da saƙo.

'Yarka,
'Yar Alli