Ƙahon da Aka Kafa wa Baba

Hausari, Potiskum
3 ga Yuni

Yaya Fanna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigida da yara kuna lafiya. Bayan haka, gyambon yatsan ƙafar Baba ya shiga wata na uku. Likita ya lalubi bugun jini a ƙafar, bai ji ba. Ya ce ciwon suga ya toshe jijiyoyin, sai an je Kano an buɗe hanyar jinin, in ba haka ba za a rasa ƙafar. Baba ya ce dillalin shanu ba ya fashin kasuwar kara, kuma mataccen jini aikin wanzami ne. Ya aika a kira wanzaminsa, Almustapha.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Saleh

Kano
6 ga Yuni

Saleh,

Ina amsawa, ka gaida mutanen gida. Shekara goma sha biyu ina wanke irin wannan ƙafa a asibiti. Jinin bai mutu ba, isa ne ba ya yi. Ƙafar da ta kasa warkar da ciwo ɗaya za a ƙara wa tsaga? Kada aska ta taɓa shi. Kai da gemunka, sai ka zauna kana aiko min rahoto? Ka sako shi a mota.

Yayarka, Fanna

Hausari
11 ga Yuni

Yaya Fanna,

Bayan gaisuwa, wasiƙarki ta iso Talata, an yi ƙahon tun Litinin. Da farko Almustapha ya ƙi, ya ce ƙafar ta yi sanyi kamar randa. Baba ya ce, “Ubanka ya cire min beli, kai ka yi wa jikokina askin suna. Yau ni za ka kawo wa boko?” Sai ya kafa ƙaho huɗu a sharaɓa. Jini kaɗan ya fito. Wurare biyu sun yi baƙi, takalmi ba ya shiga. Jibi zan kawo Baba, da kansa ya ce a nemi mota.

Allah ya sada mu da alheri.
Saleh

Kano
24 ga Yuni

Saleh,

Da fatan ka koma lafiya. An buɗe jijiyar, ƙafar ta yi ɗumi. Yatsu biyu ba za su tsira ba, gobe za a cire su. Baba da kansa ya sa hannu. Ya ce a gaya wa Almustapha suma ta taru, ya wasa aska. Na ce askar ta tsaya a kai kaɗai.

Sai mun zo.
Fanna