Gishirin da Inna Ta Daina Ci

Zuwa ga Manajan kantin kifin ado da ke Kano,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ya kasuwa, ya haƙuri da jama'a? Allah Ya sa albarka a nema.

Sunana Mani, malamin firamare ne ni a Batsari, amma asalina mutumin Ruma ne, can bakin daji. Ba ka san ni ba. Sau biyu na rubuto maka ban ga amsa ba, sau ɗaya na zo da ƙafata aka ce ka yi tafiya. Shi ya sa na kawo maganar nan cikin jarida. Ba tozarta ka nake nema ba, ko sunan kantinka ban kama ba. Wanda ya san a kantinsa aka sayar wa wani Bakatsine akwatin gilashi da kifin teku huɗu da fitila, a ƙarshen ranin da ya wuce, ya san da shi nake.

Na ɗaya, abin da ya kawo ni kantinka.

Ina da ƙane, Sada. Da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan, aka ce jiragen ruwa masu ɗauke da siminti sun yi layi a Ikko an rasa masu sauke kaya, sai ya bar shanun gidanmu ya bi samari. Wata bakwai ya yi. Sai ga takarda mai hatimi, wai ya zame daga kan katakon da ake takawa a sauko daga jirgi, da buhu a kafaɗa, ruwa ya tafi da shi, an yi kwana uku ana nema ba a gan shi ba. Ni na karanta wa mahaifiyarmu, Inna. Aka yi addu'a, aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Amma babu wanka, babu likkafani, babu kabarin da za a nuna mata.

Inna Bafillatana ce, ba za ta yi kukan ɗa a gaban mutane ba. Tambaya ta kama. Matar da ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce gulbi in ya kawo da damina ba, duk Juma'a in na hau keke na je gaishe ta, magana ɗaya ce. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, sai ta ce, "Malam, wai ruwan nan da yake ciki, akwai duhu? Akwai wani mai rai kusa da shi, ko shi kaɗai ne?" Na kawo mata taswirar makaranta na nuna mata shuɗin teku, ta shafa da yatsa ta ce wannan ai fenti ne. Shekara biyu muna haka, ba ni da amsa.

Ana nan aka tura ni kwas Kano. Wata rana na biyo ta gaban kantinka, na ga akwatin gilashin nan da kuka ajiye a taga. Kifaye masu launin ɗorawa da shuɗi da ja suna kai da kawo a kan farin yashi, haske ya cika ruwan. Aka ce mini daga teku aka kawo su. Na tsaya har maigadinka ya tambaye ni ko lafiya. A zuciyata na ce, ga amsar Inna.

Na biyu, yadda cinikin ya kasance.

Da aka biya mu bashin ƙarin albashi, na ware naira sittin na dawo. Ban taɓa kiwon kifi ba, ko na tabki. Na gaya wa ma'aikacinka haka, dogon nan mai ɗaura laktaye, kuma wallahi ban ɓoye masa komai ba, har labarin Sada na ba shi. Na ce masa garinmu babu lantarki. Ya zaɓa mini ƙaramin akwati, da famfon iska mai aiki da batirin tocila, da yashi, da kifi huɗu. Abin da ya rage a hannuna naira goma sha biyu ne, kaya kuma biyu suka rage a kan kanta. Ɗaya buhun gishirin teku ne haɗe da wata 'yar kwalba mai layi-layi da ake sakawa a ruwa ta nuna ƙarfin gishirinsa. Ɗayan fitila ce da ake ɗorawa bisa akwatin. Kuɗina abu ɗaya za su iya saye.

Na tambaye shi, tsakani da Allah, wanne ne za a iya bari? Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, gishiri ai gishiri ne. Ku da kuke da shi har shanu kuke ba?" Ya ce in ɗauki fitilar, batirin mota zai kunna ta, tsohuwa ta ga launi da kyau. Kwalin fitilar har ya koɗe don daɗewa a kanta, na gani ban kawo komai a raina ba.

Zan faɗi nawa laifin, don ba na son in tsaya gaban Allah da rabin magana. Da murna na ɗauki fitilar. Shekara biyu ana tambayata ko akwai duhu, ka ga kuwa wanda aka nuna wa fitila ba sai an lallashe shi ba. Amma ni jahili ne a wannan fanni, kuma na faɗa. Shi ne masani, shi ne aka tambaya.

Na uku, abin da ya faru a Ruma.

Na iso da kifayen a cikin ledojinsu, kowanne da ɗan ruwansa, na rungume su tun daga Kano kamar jarirai. Da Kawu Gide, yayan Inna, ya ji gishiri ake bukata, ya ce abin da za a yi don Sada ba za a yi shi da gishirin awo na kasuwa ba. Ya shiga ɗaki ya fito da kantu sukutum, na Bilma, irin wanda Buzaye ke kawowa a kan raƙuma, wanda ya ajiye wa shanunsa na damina. A wurinmu babu gishirin da ya fi shi daraja. Mata suka daka shi a turmi, aka jawo ruwan rijiya aka tace da farin ƙyalle.

Sai maganar awo ta taso, tunda babu kwalbar. Aka ce ai akwai mutum ɗaya a garin da ya taɓa ɗanɗana teku, Alhaji Ummaru, wanda ya je Makka a ƙasa tun yana saurayi, ya ƙetare Bahar Maliya a jirgin ruwa. Aka ɗauko tsohon, aka shimfiɗa masa buzu. Ana zuba gishiri ana ba shi a ludayi, ya kurɓa ya lumshe ido ya ce a ƙara, wancan ya fi wannan ɗaci. Aka ƙara. Ya ce a ƙara. Sai a karo na biyar ya tofar ya ce, "Yauwa, shi ne!" Kada wanda ya yi wa tsohon nan dariya. Abin da harshensa ya riƙe shekara arba'in ya ba mu, kuma don Allah ya yi.

Bayan la'asar muka kafa akwatin a ɗakin Inna, muka haɗa fitilar da batirin da na aro wurin direban motar kasuwa. Na saki kifayen. Ranka ya daɗe, na ɗan lokaci abin ya yi. Ɗakin ya haskaka, launinsu ya fito, Inna ta matso da tabarmarta har numfashinta na taɓa gilashin. Ta ce, "Ashe da haske. Ashe ba shi kaɗai ba ne." Rabona da in ga haƙoranta tun kafin takardar nan ta zo.

Kafin magariba suka fara hawowa sama suna buɗe baki. Da safe launinsu ya dushe, ɗaya ya kife. Na canja batirin famfo, na ƙara ruwa, na rage ruwa, na yi duk abin da wanda bai san komai ba yake yi. Inna ba ta tashi daga wurin ba sai don salla. Tana kallo suna bugun gilashi, suna nutsewa, suna tasowa, ɗaya bayan ɗaya, fitilarka kuwa tana haska mata komai tar. Na ƙarshen ya daina motsi ana kiran azahar. Ta juyo ta dube ni, ba hawaye, ta ce, "Malam, haka shi ma ya yi?"

Ita ce tambayar da nake kwana da ita nake tashi da ita.

Na huɗu, halin da muke ciki tun daga ranar.

Da hannunta ta tsamo su. Ta wanke kowanne da ruwan rijiya sau uku, ta yage gefen farin mayafinta ta naɗe su, ta haƙa rami a bayan ɗakinta ta kwantar da su suna fuskantar gabas. Na so in hana, liman ya ce in ƙyale ta, ba ibada take yi ba, uwa ce ta samu abin binnewa.

Tun ranar Inna ba ta ƙara cin gishiri ba. In an sa a miya, ko ƙanƙane, sai ta ture kwanon ta ce shi ne abin da ya cika bakin Sada. Aka koma yi mata miyar lami, ita ma ta bari, wai tana jin ɗanɗanonsa a tukunyar. Nono kawai take sha, shi ma yanzu rabin ƙwarya ke dawowa. Matar da take ɗaukar tulu daga rijiya ba ta huta ba, yau sai an kama ta take miƙewa. Malamin asibiti na Batsari ya duba ta ya ce bai ga ciwo ba, abinci jikinta ke nema.

Inda muka zubar da ruwan, kusa da ramin, ƙasa ta yi fari, damina guda ta wuce ko ciyawa ba ta fito ba. Shanun Kawu Gide in sun dawo kiwo can suke nufa su lasa, ita kuma ta ja jiki da sanda tana korarsu, ta ce ba za su lashi kan ɗanta ba. Akwatin yana nan a ɗakinta, ta hana a fitar. Na wanke shi ya fi sau goma, in ya bushe sai farin gishirin ya sake fitowa a jikin gilashin. Ni kaina ban tsira ba. Ina tsaye gaban allo ina koyar da lissafi sai in ji ƙarar famfon nan yana ɓulɓula a kunnena, in manta inda na tsaya har yara su fara duban juna. Alhaji Ummaru kuwa ya daina fitowa zaure, yana cewa harshensa ne ya kashe su.

Na biyar, abin da na gano daga baya.

Wani malamin kimiyya a Katsina, da na ba shi labari, ya riƙe kai. Ya ce gishirin teku daban ne, akwai abubuwa a cikinsa da babu su a kantu, kantu kuma akwai kanwa da ƙasa a jikinsa. Ya ce ba a auna ruwan da harshe, aikin 'yar kwalbar nan ke nan. Ya ce ko an haɗa ruwan daidai sai ya yi makonni famfo na aiki kafin a saka kifi, kuma da ɗaya ake farawa. Fitila ita ce ta ƙarshe a bukata, hasken taga ya isa. Ashe duk abin da na saya, abin da na bari a kan kantarka shi ne ran abin. Ma'aikacinka ya san haka, ko kuwa bai sani ba ka tsayar da shi yana ba mutane shawara. Ka zaɓi wadda ta fi maka sauƙi.

Na gaya wa Inna duk wannan. Na ce mata abin da ta gani ba teku ba ne, ruwan rijiyarmu ne da gishirin shanu. Ta ce Allah Ya yi mini albarka, ta san lallashinta nake yi.

Ga abin da nake roƙo.

Ba na neman kuɗina. Na farko, ka rubuto takarda da Hausa, ka buga mata hatimin kantinka, ka faɗi a fili cewa ruwan da muka haɗa ba ruwan teku ba ne, kuma kuskuren daga shawarar da aka ba ni ne. Ka ce kifayen nan a teku lafiya suke zaune. Inna ba ta yarda da bakina ba, amma ta yarda da hatimi, don takarda mai hatimi ce ta gaya mata ɗanta ya mutu. Liman zai karanta mata, a kira Alhaji Ummaru shi ma ya ji.

Na biyu, ka karɓi fitilarka, tana nan cikin kwalinta, ka ba ni buhun gishirin da kwalbar awon a madadinta. Zan haɗa ruwan yadda aka koya mini, in jira makonnin, sannan in zo in sayi kifi ɗaya da kuɗina. Ɗaya tak. Ina so ta ga ya kwana ya tashi da rai a cikin ruwan gishiri.

Na uku, duk wanda ya shigo kantinka da kuɗi kaɗan ya ce bai sani ba, a gaya masa gaskiyar abin da ba a bari, ko da kayan da suka daɗe a kanta za su ƙara daɗewa.

Ka hanzarta, don Allah. Makonnin nan da aka ce ruwa sai ya yi, ni da Kawu Gide mun ƙirga su mun dubi Inna, ba mu da tabbacin za ta kai ƙarshensu.

Allah Ya ja zamaninka, Ya tsare maka 'ya'yanka a duk inda suka je nema. Allah Ya sa bayan rai mai tsawo ka cika a ɗakinka, a yi maka wanka, a sa ka a likkafani, naka su san inda aka kwantar da kai.

Wassalam.

Naka,
Mani, malamin firamare,
Batsari.